Asibi Ta Rame

"Ɗauke, Furera, na ƙoshi," in ji Asibi. Ta turo mini kwanon waina da man shanu a gidan suna, ko loma ba ta yi ba.

Matan da ke kan tabarma suka kalli juna. Duk Lakwaya an san Asibi matar Haladu direba ba ta mayar da kwano da saura. In ta zauna a kan turmi, sai ka nemi turmin ka rasa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka na san abin da ba su sani ba. Likita a Gwarzo ya ce hawan jini ne da ciwon suga, in ba ta rage jiki ba zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ya hana ta maiƙo da gishiri da lemon kwalba, ya ce ta riƙa tafiya. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, mace ba ta fita yawo haka kawai, sai ta koma zagaya tsakar gida da sassafe. Ina jin silifas ɗinta daga rijiya zuwa turken awaki.

Ta kuwa rame. Wuya ya fito, haki ya tafi, har ta koma yin sallah a tsaye.

A lokacin kowa ramewa yake saboda tsadar hatsi, amma ramar Asibi kaɗai aka gani. Haladu hanyar Legas yake bi da tirela, rediyo kuma kullum zancen ƙanjamau. Sauran bakin mutane ya ƙarasa. Ba a daɗe ba Uwaliya, uwar yaron da ke neman Badi'a 'yar Asibi, ta aiko a dakata da maganar aure.

Ranar Asibi ta leƙo ta kan katanga.

"Furera, kin ji abin da ake faɗa?"

"Na ji. Ki gaya musu suga ne mana."

"Na gaya musu. Uwaliya ta ce ai duk haka suke cewa."

Sai ta ce, "Akwai man gyaɗa a wajenki? Sammini."

"Likita fa?"

"Likita ne zai aurar mini da 'ya?"

Na miƙa mata kwalbar, raina a ɓace. Daga ranar ban ƙara jin silifas ba, sai ƙamshin suya. Kafin kaka jiki ya dawo har da ƙari, haki ma ya dawo. Uwaliya ta zo da kanta, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Tubarkalla! Ashe sharrin mutane ne."

Aka yi biki. Ba a gama mayar da tukwanen aro ba, wata rana da azahar Asibi ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta ce ƙirjinta ya yi nauyi. Kafin a samo mota ta cika.

Wajen gaisuwa Uwaliya ta fi kowa mamaki.

"Mace lafiyarta ƙalau, jiki ɓul-ɓul! Kwana ne kawai ya ƙare."

Aka ce haka ne, Allah ya jiƙanta.

Ranar jana'izar, makararta ba ta wuce ƙofar zaure ba sai da aka sare gefen ginin da gatari. Da la'asar na fito, na tarar da Badi'a a durƙushe a wurin, lallen biki bai gama fita daga hannunta ba, tana tsince ɓaraguzan ƙasar tana zubawa a kwando.