Layin da Ya Shiga Gona

Jannatu tana zana wa wata ƙungiyar makiyaya taswirar burtalin shanu. Tsohuwar kwamfutarta kan cinye awa uku kafin ta haɗa hotunan gunduma ɗaya, don haka ranar Laraba ta hau keke napep zuwa unguwar Wunti, shagon ƙanen mahaifinta, Baffa Badruddeen, mai haɗa kwamfutocin tebur.

Ya ajiye mata madabod biyu, wato allon da duk kayan ciki ke hawa kansa. Ta nuna mai fitilu kala-kala.

"Wannan kwalliya ce," in ji shi. "Dubi ɗayan. Kin ga ƙarafan nan masu kauri kusa da mazaunin furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar? Su ke kwashe zafi. Tunda so kike a matsa masa ya wuce gudun da kamfani ya saita, wannan ne zai jure."

Da ya fito da tiyo biyu da ɗan famfo, sai ta zaro ido.

"Baffa, ruwa a cikin kwamfuta?"

"A rufe yake, 'yata. Fanka kaɗai ba za ta iya da zafin Afrilu ba."

Kafin azahar sun gama haɗawa. Ya ƙara gudu, aikin awa uku ya koma minti hamsin. Ta ce a ƙara. Ya dube ta, ya ƙara, ya koma arba'in.

Tana cikin murna ta buɗe taswirar, sai ta ƙura mata ido. Kusa da wani rafi, layin burtalin ya goce ya ratsa tsakiyar gonaki. Ta san wurin, ta taka shi da ƙafarta bara.

"Amma ba ta mutu ba, ba ta ma yi zafi ba," ta ce.

"Wani lokacin haka take yi in an matsa mata. Sai ta yi kuskure, ba ta faɗa miki ba."

Jannatu ta daɗe tana kallon layin. Da a gundumar da ba ta sani ba ne, haka za ta miƙa shi, wani ya koro garkensa ya bi.

"Mayar da ita yadda kamfani ya saita, Baffa."

Ya mayar. Suka sake aikin sau biyu, awa ɗaya da kwata kowanne, tana gwada sakamakon da na tsohuwar kwamfutar. Duk suka dace. Sai la'asar sakaliya ta tari keke, ta rungume akwatin sabuwar kwamfutar a cinya, ta roƙi direban ya bi ramuka a hankali.