Yashin Taimamar Baba

Ni Saudatu ban taɓa son mage ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Amma da surukata Inna Bilki ta rasu, maigidana Abdussamad ya ɗauko mahaifinsa, Baba Tukur, daga gidansu na unguwar Bromakoté ya dawo da shi wurinmu a unguwar 220 Logements, sai ga tsoho da akwati ɗaya da maguna huɗu. Ya ce na marigayiya ne, ba zai bari su watse a titi ba. Wa zai yi musu da mutumin da bai cika kwana arba'in da binne matarsa ba?

Kowace da sunanta, kamar 'ya'yan gida. Akwai Aceke fara, akwai Madam, akwai Baƙo, sai wani ƙaton namiji mai yagaggen kunne da ake kira Kwamanda. Maigida ya ce kada in damu, ai duk kyanwar Lami ne, ba cizo ba yaƙushi. Na ce to, amma ban ji an ce kyanwar Lami ba ta kashi ba. Ya yi dariya ya wuce kasuwar Treichville inda yake sayar da nama, ya bar ni da su a ɗaki biyu da falo, a hawa na uku, inda ko ƙasar da za a shuka albasa babu.

Da farko babban baho ɗaya na ajiye musu a baranda, na cika shi da garin katako daga wurin wani kafinta a Roxy. Kwana biyu zarni ya cika gidan har matakala. Na koma yashin kanti mai ƙamshin sabulu. Tsugune ba ta ƙare ba, domin Kwamanda ya mayar da bahon gadon mahaifinsa: ya kwanta a bakinsa, duk wadda ta matso ya kai mata mari. Madam ta koma bayan firji, Baƙo ya zaɓi takalmin maigida.

Na ɗauki ƙafa har Treichville wurin wata likitar dabbobi. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce ƙa'ida ita ce kowace mage da nata baho, a ƙara ɗaya a kai, kuma kada a jera su wuri guda. Baho biyar ke nan, a gidan da mutane uku muke layin banɗaki ɗaya. Na bi maganarta. Ɗaya a baranda, ɗaya bayan ƙofa, ɗaya ƙarƙashin tebur, biyu a lungun da nake ajiye buhun shinkafa a da. Safe da yamma ina tsugune da ludayin roba ina kwasa, ina zaginsu ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji. Duk da haka, sai sun ga dama suke shiga.

Ana cikin haka hannuwan Baba suka tsattsage, likita ya hana shi taɓa ruwa sai sun warke. Ya koma taimama. Na ce in samo masa dutse mai santsi kamar yadda kowa ke yi, ya ce a'a, yana da abinsa. Ya buɗe akwati ya fito da ƙaramin buhu na yashi, wanda ya ɗebo daga tsakar gidan Bromakoté ranar da zai taso. Na zuba masa a farantin silba, na ajiye kusa da dardumarsa.

Ranar Talata da la'asar na ji ya kira ni a hankali. Na tarar da shi zaune, tafukansa a sama, yana kallon farantin. A tsakiyar yashin ga wani jiƙaƙƙen dunƙule, Aceke kuma tana gefe tana lasar ƙafa kamar ba ita ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Baho biyar a gidan nan, amma ba ta ga wurin tsugunawa ba sai inda bawan Allah yake tsarki. Na zubar, na wanke farantin har sau uku, na zuba sabo, na rufe da faifai.

Washegari Kwamanda ya ture faifan. Na ɗora farantin saman kabad, suka hau. Abin da ya fi damun Baba shi ne bai san tun yaushe suke yi ba, domin suna binnewa su lallaɓe saman kamar ba a taɓa ba. Sai ya shiga rama sallolin kwana uku, yana tashi yana zama da kyar. Ranar Alhamis na juye ragowar buhun, ranar Juma'a suka ɓata shi.

Da maigida ya dawo, Baba ya kira shi. Bai ɗaga murya ba, bai kuma dubi inda magunan suke ba.

"Abdu, mahautan Treichville suna neman maguna saboda ɓeraye, ko? A kai musu. Ba zan haɗa salla da najasa ba."

Wallahi daɗi na ji. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Maigida ya ce shi da asuba yake fita karɓar nama, na ce ni zan kai su da kaina, ko a ka ne.

Da hantsi na zuba su a babban kwando na ɗaure bakinsa da zane. Baba ya fito ya tsaya a ƙofar ɗakinsa. Na zata zai yi musu sallama, amma sai ya roƙe ni in biya ta Bromakoté in ɗebo masa yashi kaɗan, tunda ba nisa. Kwanon kununsa na nan bai taɓa ba. Na kau da kai, don ba na son abin da zai rage mini murna.

Gidan yanzu 'yan haya ne a ciki. Wata mata mai suna Radiyya, wadda take gidan tun Inna na da rai, ta gane ni, ta nuna mini tudun yashi a gindin katanga, wanda Inna Bilki take sa a kawo mata duk shekara saboda damina. Na sauke kwandon na fara ɗiba. Sai kwandon ya kama motsi da kuka, kafin in juya Aceke ta zare kanta ta gefen zanen, sauran suka biyo ta. Na ce shi ke nan, yau zan yi tsere da maguna a Bromakoté.

Ba wadda ta gudu. Kai tsaye suka nufi can ƙarshen tudun, kowace ta tona raminta, suka tsuguna a jere, har Kwamanda da ba ya barin kowa ya matso. Da suka gama suka binne, suka koma suna birgima a rana. Madam ta je ƙofar ɗakin Inna ta zauna tana kuka.

Radiyya ta ce, "Vwala, kin gani, sun ji ƙamshin gida. Ai nan ƙarshen nasu ne tun da, Inna daga wancan gefen take ɗibar na amfani."

Na tsaya da kwano a hannu, haushin kaina ya kama ni. Wata biyu ina zuba musu yashi mai turare ina kiransu 'yan iska, ashe abin da ke cikin farantin Baba kawai suka sani a gidana. Shi ma tsohon da ya ƙi dutse ya ce sai wannan yashin, ciwonsu ɗaya. Na dubi hanyar tashar motocin Treichville, na dubi Madam. Na yi tsaki, na ce Radiyya ta ara mini buhun shinkafa wanda ba komai a ciki.

Mai baro ya kawo mini buhun har gindin bene, ya ce shi ba ya hawa. Ni na ja shi hawa uku, sannan na koma na ɗauko kwandon, gumi har cikin ido. Baba yana zaune a falo. Ya dubi kwandon yana motsi, ya dube ni.

"'Yata, ba su karɓa ba?"

Na ce, "Ban kai ba, Baba."

Ban tsaya bayani ba. Na zubar da yashin kanti, na cika baho biyar da na Bromakoté. Nasa, wanda na ɗebo daban daga gefe mai tsarki, na zuba a tukunya mai murfi na ɗora turmin ƙarfe a kai. Ko kallon tukunyar ba su yi ba, kowace ta kama bahonta.

Da yamma na tsuguna da ludayina, kuma wannan karon ban rage murya ba. Na ce ga ni nan, 'yar mutane, an mayar da ni mai dakon yashi duk wata saboda marasa kunya huɗu da ko ɓera ɗaya ba su taɓa kamawa ba. Na ce Kwamanda ya ci gaba da harara, wata rana sai na yage ɗaya kunnen.

Sai na ji dariya a bayana. Tun da Baba ya shigo gidan nan ban taɓa jin ya yi ba. Yana yi yana goge ido da bayan hannu, Aceke kwance a cinyarsa.

"Haka Bilki take zaginsu, kalma da kalma," ya ce. "Ita ma ba ta son mage, Saude. Ni na tsinto su."