Ƙofar Baya a Zauren Coci

Elspeth Tulloch ta iso garin da hantsin Asabar, cikin motar ofis da za ta mayar a ƙarshen wata. Aikinta duba wuraren da iyayen da suka rabu ke ganin 'ya'yansu bisa umarnin kotu. Ƙungiyar uwa da take wa aiki ita ke horar da ma'aikatan irin waɗannan wurare, ta duba su, ta ba su shaidar cancanta. Wurin da ba shi da wannan shaida, alƙali ba ya tura yaro can. Sai gwamnati ta sanar cewa daga ƙarshen Maris ta yanke tallafin ƙungiyar, kuɗin za su koma hannun ƙananan hukumomi, wai don su isa ga yara kai tsaye. Ba a faɗi wanda zai ci gaba da dubawa ba. Wannan ce tafiyar Elspeth ta ƙarshe.

Senga Rennie, mai kula da wurin, tana tsaye a bakin zauren coci cikin rigar ruwa.

"Ga korarriya ta iso," in ji ta. "Shigo ki sha shayi. Biskit ɗin na bara ne, amma ke ma ai kin kusa zama ta bara."

"Bakin nan naki shi zai kashe ki, Senga."

"Sanyi ya riga shi. Shigo."

Elspeth ta zagaya kamar yadda ta saba. Kayan wasa a wanke suke, akwatin magani a cike, takardun 'yan sa-kai babu wadda ta tsufa. Da ta kai ƙarshen lungun da ke bi ta gefen kicin, sai ta tsaya. An toshe ƙofar baya da katako, an buga ƙusoshi.

"Guguwar Janairu ce ta tsaga bangon," in ji Senga. "Dattawan coci sun ce magini zai zo da bazara. Ba su ce ta wace shekara ba."

Ƙa'idar ba ta da wuya. Uwa ta shigo da yaro ta ƙofa ɗaya, uba ya shigo ta ɗaya, kada su haɗu. Senga ta ce ta samo dabara. Uba ɗaya ne kawai a nan da kotu ta hana shi haɗuwa da tsohuwar matarsa Rhona, shi ne Fergus Moir, ma'aikacin gonar kifi. Yakan zo da wuri ya zauna a kicin a rufe ƙofa, Rhona ta kawo 'yarsu Ailsa ta tafi, sannan ya fito. In an tashi ya koma kicin har sai motar Rhona ta bar layin.

"Tun Janairu muke haka, ko sau ɗaya ba su ga juna ba."

A da, wannan ƙaramin abu ne. Elspeth ta ba su lokacin gyara, ta dawo ta duba, ta sa hannu. Yanzu babu dawowa. Shaidar wurin za ta ƙare cikin watan nan. In ba ta sabunta ta yau ba, ziyarar Fergus da 'yarsa ta tsaya, don wuri mafi kusa yana birnin Inverness, tafiyar rabin yini, kuma masu jira a can sun yi yawa.

Ta zauna a kusurwar zauren tana kallo. Fergus ƙato ne mai jan gemu, ya naɗe ƙafafu a kan darduma kamar ɗan makaranta. Ailsa, 'yar shekara shida, tana maƙala masa ƙananan maƙalan gashi na roba a gemu.

"Baba, ka daina motsi."

"To, ranki ya daɗe. Nawa ne kuɗin kitson?"

"Ba ka da kuɗinsa."

"Gaskiya ne kuwa."

Elspeth ta karanta dalilin umarnin kotun tun a ofis, ba ta kuma buƙaci sake karantawa ba: wuyan hannun Rhona ya taɓa karyewa a kicin ɗin gidansu. Amma abin da take gani yanzu uba ne da 'yarsa. Ta ciro biro daga jaka. Ta gaya wa kanta ƙofa katako ce kawai, Senga kuma ta fi kowace ƙofa tsaro.

Ba ta kai ga rubutu ba Ailsa ta ce za ta zagaya. Fergus ya raka ta har bakin lungu ya tsaya, kamar yadda aka ce ya riƙa yi. A daidai lokacin ƙofar gaba ta buɗe. Rhona ce, da abin shaƙa na asma a hannu, yarinyar ta manta shi a mota.

Lungun bai da faɗi. Fergus ya ja da baya, ya ɗaga hannuwa sama, maƙalan roba na lilo a gemunsa.

"Rhona, ba komai. Na tafi, kin ga na tafi."

Rhona ba ta yi ihu ba. Ta jingina da bango, abin shaƙar ya faɗi ƙasa. Hannunta na dama ya tafi ya riƙe wuyan na hagu, ya tsaya a nan.

"Mama, kalli gemun Baba!" in ji Ailsa daga ƙofar ban-ɗaki.

Senga ta riga ta shiga tsakaninsu. Ta tura Fergus kicin ta rufe, ta riƙe kafaɗar Rhona ta fita da ita waje. Ta tagar zauren Elspeth ta ga matar zaune a mota, ƙofa a buɗe, iska na kaɗa mata gashi, ta kasa sa makulli a raminsa. Da ta samu kanta sai ta ce a kawo mata 'yarta. Aka kai mata.

Senga ta dawo ta tarar da biro ya koma jaka.

"Kada ki yi min haka, Elspeth."

"Da akwai ƙofar baya, da yana can ɓangaren, ba a lungun nan ba."

"Sau ɗaya ne! Abin asma ne, baiwar Allah, so kike ta bar yarinya ta shaƙe?"

"Ban ce ta yi laifi ba. Ke ma ba ki yi ba."

"To sa hannu. Wa zai zo ya duba? Ofishinku ma kaya ake ɗaurewa a kwali. Ke da su ministan naku duk ɗaya kuke, ku rufe abu ku hau mota."

"Shi ya sa ba zan sa ba. In na sa, haka za a zauna da ƙofa ɗaya, ba mai sake tambaya."

Senga ta sunkuya ta ɗauki wani maƙalin gashi da ya faɗi, ta jefa cikin kwandon kayan wasa.

"Zan je wurin dattawan gobe bayan addu'a, ko da kuka ne su gyara bangon. In an gyara wa zan kira?"

"Ban sani ba. Na tambayi ma'aikatar gwamnati, sun ce ana nazari."

"Ana nazari." Senga ta dubi ƙofar kicin. Ana jin ƙarar ruwa da kofuna. Fergus kullum yakan wanke kayan shayi yayin da yake jira, ko da ba a sa shi ba. "Ni ba zan gaya masa ba. Ni na ce masa in ya bi ƙa'ida babu mai raba shi da ita."

Elspeth ta ajiye jakarta a kan kujera ta bi lungun. Ta ƙwanƙwasa, ta buɗe. Fergus ya juyo da kofi a hannu, kumfa har gwiwar hannu, maƙali ɗaya shuɗi bai cire ba.

"Sun tafi lafiya?" ya tambaya. "Ki gaya wa Senga sati mai zuwa zan zo tun da sassafe, ba zan leƙo lungun ba ko gobara ake."

"Ajiye kofin, Fergus," in ji Elspeth. "Zauna."

Ta jawo ƙofar ta rufe.