Tamfol ɗin Malam Ladan

Salmanu ya sauke tamfol ɗin daga kafaɗarsa a tsakar gidan Hannatu, ya warware shi da ƙafa.

"Inna, dubi wanga aiki. Kina iya gama shi kafin azahar?"

Hannatu ta ajiye tsintsiya ta durƙusa. Tsagar ta taso daga bakin tamfol ɗin har ta wuce tsakiyarsa, ta kai kamu shida.

"Yaushe ya yage?"

"Yanzu na ɗauko shi ɗakin Baba na tarar da shi haka. Ɓeraye na, ba wani abu ba. In ba mu kai tashar Suki kafin la'asar ba jirgin ƙasa ya wuce, sai kuma bayan kwana uku. Baba ba shi da kwana ukun."

Salmanu ɗan maƙwabcinta ne, Malam Ladan, wanda zana ɗaya ta raba gidansu shekara talatin. A birnin Madani yake aiki, wurin injin gurzar auduga. Shekaranjiya ya iso da ƙafa daga Suki, don tun da damina ta kankama babu motar da ke iya ratsa baƙar lakar nan. Ya tarar da uban, cikinsa ya kumbura, ƙafafu sun yi suntum. Hakim, wato malamin asibitin ƙauyen, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a kai shi babban asibitin Madani, kuma kada rana ko ruwa su taɓa shi a hanya. Hanya ɗaya ta rage: kogi, a cikin jirgin Malam Ladan ɗin, wanda yaron jirginsa Jibo ke tuƙawa tun da mai shi ya kwanta. Ba rumfar tamfol a kan jirgin kuwa, ba tafiya.

"Je ka taya Jibo kafa sanduna," in ji Hannatu. "Ka bar ni da shi."

Ta ɗauko basillar da take ɗinke buhunan auduga da ita, ta murza zare, ta shafe shi da kaki. Sai da ta haɗa bakin tsagar biyu sannan hannunta ya tsaya. Cin ɓera yana barin ramuka da ɓurɓushi. Yagewar tsufa tana bin layin saƙa. Wannan kuwa ta ratsa saƙar a karkace, bakinta sumul, kuma a wuri uku ana ganin inda hannu ya gaji ya tsaya, ya sake farawa a ɗan gefe.

Ta naɗe tamfol ɗin ta ja shi ta ɓular zana har ƙofar ɗakin Malam Ladan. Yana kwance a gadon igiya, fuskarsa ga ƙofa, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Malam, ina kwana. Yaya ƙarfin jiki?"

"Da godiya, Hannatu."

Ta zauna a bakin ƙofa ta soka basilla. Ta yi ɗinki biyar ba ta ɗaga kai ba.

"Ɓeran ɗakinka yana da wuƙa mai kaifi."

Ya dubi tamfol ɗin.

"Sau uku na huta," ya ce. "Ni da nike jan igiyar jirgi ni kaɗai."

"Don mi ka yi haka, Malam?"

"Kin sani."

Ta sani. Shekara tara ke nan aka ɗauki matarsa Mero zuwa Madani da ciwon ƙirji. Kafin labari ya iso ƙauye har an rufe ta. Ya je, aka nuna masa fili cike da kaburbura, ba wanda ya iya cewa ga nata.

"Abu guda nike roƙonki," ya ce. "Ki yi ɗinkin a hankali. Ki bar azahar ta wuce."

"In cuci yaron nan yana kallona?"

"Ba cuta ba ta. Ni na san abin da ke cikina. Ko sun kai ni, gawata za su sauke."

"To ka faɗa mishi da bakinka."

"Na faɗa. Ya ce zazzaɓi ke magana." Ya yi tari, ya daɗe kafin ya samu numfashi. "Shekara talatin ban taɓa roƙonki ko gishiri ba."

Hannatu ta sake soka basilla. Ta ci gaba da ɗinki, tana ninke baki kan baki, tana ja har zaren ya nutse. Ta gwada sassauta hannu, sai ta ji kamar wani ne ke riƙe da basillar. Ta tuna ranar da kogi ya ci gonarsu, mijinta na jinya, Malam Ladan ya riƙa miƙo mata kifi ta saman zana kowace safiya ba ya ko tsayawa a gode masa. Ta kuma tuna Salmanu yana jariri, ita ta fara yi masa wanka. Hannunta ya koma gudunsa na kullum.

Hantsi ya ɗaga. Salmanu ya dawo, wandonsa jiƙe har gwiwa.

"Ina aka kai, Inna?"

"Rabi."

"Rabi bas, rabi kawai? Hadari na haɗuwa gabas." Ya leƙa ɗaki. "Baba, halas, shi ke nan, an kusa. Ka daure."

Uban ya rufe ido. Salmanu ya shiga haɗa kaya, bargo da buta da 'yar jaka, yana fita yana dawowa, kowane zuwa sai ya auna abin da ya rage da ido. Basilla ta huda yatsan Hannatu, ta tsotse jinin ta ci gaba. Daga cikin ɗaki tana jin idon tsohon a kan hannunta.

Inuwar zana ta tsuke har ta koma gindinta. Saura taƙi ɗaya. Hannatu ta tsaya.

"Salmanu, zo nan."

"An gama?"

"Tsuguna ka duba wurin nan kafin in rufe shi."

"Hannatu," in ji muryar cikin ɗaki.

"Ka yi mini gafara, Malam. Ban yi jinkiri ba, kuma ba ni yin shiru." Ta kama yatsan Salmanu ta bi da shi kan bakin tsagar. "Kai ma'aikacin auduga ne. Ɓera na yin haka?"

Salmanu ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe ya shiga ɗaki, ya sa hannu ƙarƙashin matashin uban, ya zaro wuƙar gyaran kifi. Zaren tamfol na maƙale a gindinta.

"Baba, mutuwa kake so?"

"Ba ni sonta. Zuwa ta yi."

"Akwai likitoci can. Na ga waɗanda suka fi ka jin jiki sun tashi."

"Ina kabarin uwarka?"

Salmanu ya kau da kai.

"In ka nuna mini shi, ɗauke ni mu tafi."

"Ni in zauna in sa maka ido, ke nan? Wane uban gare ni bayan kai?"

"In ka ɗauke ni ba ni da ƙarfin hana ka. Amma ka sani ban yarda ba."

Jibo ya yi sallama daga waje, ya ce iska ta fara juyawa, in za a tafi yanzu ne. Ya sake sallama. Hannatu na riƙe da basilla, zaren na lilo. Ta ga Salmanu ya sunkuya ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin wuyan uban, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinsa, har ya ɗaga shi daga gadon. Tsohon bai yi motsi ba, kallonsa kawai yake yi. Suka tsaya haka. Sai Salmanu ya mayar da shi a hankali, ya gyara masa matashi.

Ya fito ya ce wa Jibo ya cire sandunan. Da ya juyo bai dubi Hannatu ba.

"Da kin yi shiru, da yanzu muna kan ruwa."

"Haka ne," ta ce.

Ta ƙarasa taƙin da ya rage, ta ƙulle zaren, ta koma gidanta.

Ruwa ya sauko da la'asar, ya kwana biyu yana yi yana ɗaukewa. Hannatu ta riƙa dama kunu tana miƙawa ta saman zana. Jibo ke karɓa. Salmanu in ya ji motsinta sai ya shige ɗaki. Tana jiyo shi yana juya uban, yana ba shi ruwa da cokali, wani lokaci kuma tana jin muryar tsohon ƙasa ƙasa yana faɗa masa inda jirgin ke yoyo da wanda ya iya toshe shi. Sau da yawa ta tsaya da muciya a hannu tana lissafin inda da sun kai yanzu, da irin maganin da da an ba shi.

Ran Alhamis da hantsi, tana shanya wanki, ta ji Salmanu ya ɗaga murya da salati. Ta sauke zanen da ke hannunta cikin ƙwarya, ta zauna a ƙasa.

Kafin azahar aka kai shi makwancinsa a kan tudun bayan gari. Mutanen ƙauye duka sun fita, har masunta daga tsallake. Da aka dawo, maza suka zauna gaisuwa a ƙofar gida, mata suka cika tsakar gidan Hannatu.

Da yamma jama'a ta ragu. Ta zuba shayi a ɗan kofi, ta je bakin zana ta miƙa, tana jiran Jibo. Ba shi ya zo ba. Salmanu ne, idanunsa jajir, lakar maƙabarta ta bushe a ƙafafunsa. Ya dubi kofin, ya dubi tsumman da ke ɗaure a yatsanta. Ya karɓa da hannu biyu, ya tsuguna nan gindin zanar yana hurawa. Ita ma ta tsuguna a nata ɓangaren, tana jin kurɓarsa ta cikin karan.