Bindigata a Hannun Boyd

Shekara shida ƙanin matata, Boyd, yana kayar da ni a gasar harbi ta ƙungiyarmu a nan Idaho, ni kuwa kullum laifin tsohuwar bindigata ne. Bana na sayar da kwalekwalena na sayi sabuwa, irin wadda ake jira wata takwas kafin ta iso, mai ɗura wa kanta harsashi.

Ranar Asabar na kai ta filin harbi. Na harba biyar daga yadi ɗari, suka watsu a takardar da ake aunawa, kowanne da inda ya nufa. Na ce iska ce.

A wurinmu, duk wanda ya zo da sabuwar bindiga sai ya miƙa wa na kusa da shi ya ɗana. Na kusa da ni kuwa Boyd ne.

"Yaya Wendell, a ba mu mu taɓa mana, ko sai mun yi wanka?"

Na miƙa masa. Ko hularsa bai gyara ba ya saki biyar. Da muka je dubawa, rami ɗaya ne, babban yatsa ya rufe shi.

"Kai, Yaya, wannan ba ta ƙarya! Har iskar taka ta ji tsoronta."

Aka taru ana yi masa barka, ni ina gefe riƙe da akwatinta.

Gasa saura mako biyu, Boyd ya zo gidanmu, sai na ce masa ciwon kafaɗata ya tashi, ba zan shiga ba. Ya yi mini sannu sosai, sannan ya ce to a ara masa bindigar, kada ta zauna a banza. Kafin in buɗe baki, matata ta ce ya ɗauka.