Romon Kazar Pahoua

Na haihu a Kuala Lumpur ba uwa ba inna, balle mai dama mini kunun kanwa. Maƙwabciyata Pahoua ce ta tsaya mini. 'Yar ƙabilar Hmong ce daga ƙasar Laos, marubuciya, 'yar firit da ita sai bakin tsiya. A al'adarsu mai jego ba ta cin komai sai shinkafa da dafaffiyar kaza da ganyayyaki. Kullum sai ta je kasuwar Chow Kit ta sayo yankan Musulmi, ta tsare ni sai na shanye romon. Salam yake, amma ya tsayar mini da jiri.

Littafin da take rubutawa a kan mahaifiyarta ne, wadda ta sha duka shekara da shekaru ba wurin gudu, don a wajensu 'yar da aka aurar ta zama ta dangin miji ke nan. Ranar da ta ga shatin yatsu a wuyana ba ta tambaye ni ba. Ni na buɗe baki, don na gaji.

Ashe mijina Muntasir, ɗan digiri na uku da kowa ke yaba haƙurinsa, ya dawo daga makaranta yana bakin ƙofa.

"So, Bashira, asirina za ki tona wa wannan, ta saka ni a book ɗinta?"

Marin farko ya kai ni ƙasa da jaririya a ƙirjina. Ya shure ni daidai inda aka yi mini aikin haihuwa, na ji ɗinkin ya ɓalle, jini ya jiƙa zanina. Pahoua ta shiga tsakani, ya naushe ta a baki har haƙori ya faɗo kan tayil. Ta kinkimo tukunyar romon daga kan wuta ta sheƙa masa a ƙafafu, ya zube yana kururuwa. Wallahi ko ɗigon tausayinsa ban ji ba.

Ta suri yarinyar, ta ja ni har titi, ta tare tasi. A asibiti aka sake ɗinke ni, 'yar sanda ta zo, na gaya mata komai, na ce gidan nan na bar shi.

Pahoua na gefen gado da kumburarren leɓe, tana jijjiga 'yata. Ta rantse mini ba za ta rubuta ko kalma ɗaya ba, labarin nawa ne.

"Ki rubuta," na ce. "Kuma kada ki canja masa suna."