Kayan Yaya a Hannun Auta

Ranar da Yaya ta ce a gidan Auta za ta bar suturarta, har mijin Autar sai da ya ajiye cokali ya dube ta. Ita kuwa Auta baki ta saki, kamar ta waiga ta ga ko akwai wata Autar a bayanta.

Duk wanda ya san 'yan'uwan nan biyu dole ya yi mamaki. Yaya ma'aikaciyar jinya ce, mace mai tsari, irin wadda ke goge ɗankwali kafin ta ninke shi. Ta samu gurbin ƙaro karatu a waje na shekara biyu, ta saki gidan da take haya, ta raba wa dangi kujeru da gado. Sutura ce kawai ta rage, kuma ba ƙaramar sutura ba: leshi, atamfa, dogayen riguna, mayafai, ga kuma zannuwan marigayiya Mama da ke hannunta tun bayan rasuwa, waɗanda suka ce za su zauna su raba idan zuciya ta yi sanyi. Auta kuwa tun tana 'yar firamare aka san ta da shiga kayan Yaya ba sallama. Ta taɓa ƙona mata riga da dutsen guga ta cusa ƙarƙashin katifa. Ta taɓa fita da takalminta ta dawo da ƙafa ɗaya a hannu. Yanzu ta yi aure, ta haihu, tana koyarwa yara na ce mata malama, amma da dangi sun taru sai an tayar da labarin rigar nan a yi ta dariya. Ita ma takan yi dariyar, ta koma gida abin na cin ta.

“Yaya, ni?” ta ce.

“Ke mana. Ina da wata ƙanwar ne bayan ke?”

Mijin, mai gyaran janareta da unguwa ke kira Injiniya, ya ce, “Yaya, kin dai yi shawara ko? Kar ki dawo ki tarar da hanga kawai.”

Suka kwashe da dariya su biyu. Auta ta galla masa harara, a nan take ta ƙudurta a ranta cewa ko zare ɗaya ba za ta taɓa ba. Yaya za ta dawo ta tarar da kayanta yadda ta bar su, kuma daga ranar bakin kowa zai mutu.

Bayan tafiyar Yaya manyan jakunkuna suka cika falo, har sai an tsallaka su ake shiga kicin. Durowar ɗakinsu ta katako kuwa tuni ta cika, ƙofarta ma da gwiwa ake tura ta. Wata abokiyar aikinta ce ta ba ta shawarar ta sayi durowar tafi-da-gidanka, irin ta yadi mai ƙarafa da ake harhaɗawa a gida, a kwance ta in an gama da ita.

Da ta je shago, mai kayan ya jera mata iri-iri. Akwai wadda ba ta da rufi ko kaɗan, ƙarafa ne da hawa-hawa. Auta ta ce wannan ai shanya ce. Akwai mai labule da ake naɗewa sama, da 'yar taga ta raga a gefe. Ta sa yatsa ta taɓa ragar, ta ce ƙura za ta bi ta nan, kuma yara za su leƙa. Sai idonta ya faɗa kan wata babba mai ruwan toka a ƙurya, yadinta mai kauri, cikinsa da santsi kamar rigar ruwa, zif biyu da ke haɗuwa a tsakiya.

“Wannan fa?”

“Hajiya kin iya zaɓe,” in ji mai shagon, yana buga gefenta da tafin hannu. “Wannan in kika ja zif, ko iska ba ta shiga.”

Maganar ta yi mata daɗi ƙwarai. Ta kama bakin zif ɗin biyu ta haɗa, ta ga ramukansu za su ɗauki ƙaramin kwaɗo. Ba ta ƙara duba wata ba.

Injiniya ya yini yana haɗa ta, yana cusa ƙarafa cikin mahaɗan roba yana mita, ya haɗa ya kwance sau ba adadi don ya ƙi duba hoton da ke jikin kwalin. Auta ce ta zaɓi wurin ajiyewa: ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda, wanda bangonsa ke manne da banɗaki. Rana ba ta shiga balle ta ƙoɗar da launi, yara ba sa zuwa, baƙo ba ya gani. Ta wanke hannu, ta rataye leshi da dogayen riguna har ƙarfen ya ɗan lanƙwasa, ta jera atamfofi a hawa-hawa. Zannuwan Mama, da ta tarar a saman jakar farko, ta kau da kai ta ɗauke su ba tare da ta warware ko ɗaya ba, ta sa su can ƙasa a lungun da ke jikin bango, inda hannu ba zai kai ba ko da zuciya ta raya mata. Ta watsa kafur, ta ja zif, ta danna kwaɗo. Ta ga bai isa ba, ta samo babbar leda ta lulluɓe durowar daga sama har ƙasa, ta bi gefe-gefe da salatif.

“Kaya kika ajiye ko gawa?” in ji Injiniya.

“Amana na ajiye.”

Kada a ce abin bai yi mata wuya ba. Ranar walimar makarantarsu ta tsaya a ƙofar ɗakin da makulli a hannu, tana tuna wani shuɗin leshi da ta san zai zauna mata ɗas. Ta daɗe a tsaye, sannan ta juya ta sa tsohuwar atamfarta, ta tafi tana jin kanta wata babba. In Yaya ta kira a waya takan ce, “Ya kayan? Kina dai jin daɗinsu?” Auta ta ji habaici ne, sai ta amsa da ƙarfi, “Wallahi ko taɓa su ban yi ba.” Yaya ta yi dariya ta ce, “Ke ɗin? Allah Ya shirye ki, Auta,” su wuce zuwa wata hira.

A damina ta farko fentin bangon ɗakin ya fara kumbura yana ɓarewa. Injiniya ya ce bututun banɗaki ne ke yoyo, ya kira mai gyara aka toshe. Ya ce a ja durowar a duba bayanta, Auta ta ce ko matsa ta ba za a yi ba. A damina ta biyu ya ce ɗakin na wani irin wari, a buɗe kayan nan su sha iska.

“Na buɗe, in Yaya ta dawo ka fara ba da labari ko? Na san ka.”

Ya ɗaga hannu biyu ya bar ta. Ta sayo turaren feshi ta fesa a ɗakin ta ja ƙofa.

Yaya ta dawo wata ranar Asabar da hantsi, ta ɗan yi ƙiba, ta ƙara haske. Ko ruwa ba ta gama sha ba Auta ta kama hannunta ta ja ta zuwa ƙarshen baranda, ta kira Injiniya ya zo ya zama shaida. Zuciyarta fal murna, kamar ɗalibar da ta san ta ci jarrabawa tana jiran a kira sunanta. Ta ɗauko almakashi ta yanke salatif, ta yaye ledar. Cikin ledar jiƙe yake sharkaf, ruwa ya bi mata hannu har gwiwa. Ta ɗan tsaya, sannan ta goge a jikinta ta miƙa wa Yaya makulli.

“Buɗe da hannunki, Yaya. Yadda na rufe ranar, haka yake.”

Yaya ta dubi makullin, ta dubi durowar, murmushin fuskarta ya fara gushewa.

“Wace ranar?”

“Ranar da na sa su mana.”

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da Injiniya ya ɗiga masa mai. Zif ɗin ya ƙi motsi, ya kama da ƙarfi ya fizga, yadin ya tsage har ƙasa.

Warin ne ya fara fitowa. Ya bugi fuskokinsu har Yaya ta ja da baya ta toshe hanci da mayafi. Kyankyasai suka watso ta ko'ina, kan ƙafafunsu, kan bango, Injiniya yana tsalle yana salati. Auta ba ta motsa ba. Ƙarfen ratayar ya karye tun ba a san yaushe ba, rigunan duk sun zube ƙasa sun dunƙule wuri ɗaya. Funfuna ta rufe su, fara da kore da baƙa, ta yi gashi kamar burodin da aka manta a leda. Ba ka bambance leshi da atamfa. Bayan durowar, inda ya jingina da bango, ya yi baƙi ƙirin yana naso.

“Innalillahi,” in ji Auta. Muryar da ta fito ba ta yi kama da tata ba. “A'a. A'a, ba haka na sa su ba. Wallahi ba haka na sa su ba.”

Ta durƙusa ta jawo abin da ta gane shuɗin leshin nan ne. Hannun rigar ya biyo ta, sauran ya tsaya a cikin tulin. Ta riƙe shi tana kallo. Ta jawo wata atamfa, ta buɗe ninkin farko, ya rabe biyu ba ko ƙara. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba tun ranar da likita ya fito daga ɗakin Mama yana girgiza kai.

Yaya ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta sauke mayafin daga hancinta a hankali ta ce, “Ina na Mama?”

Auta ta nuna lungun ƙasa da yatsa. Injiniya ne ya sa hannu ya ciro su. Sun manne sun zama dunƙule ɗaya mai nauyi, ruwa na ɗiga daga gindinsa. Ya rasa inda zai ajiye, ya aza a kan ledar da aka yaye. A gefe ɗaya kawai ake iya ganin ɗan zanen ganye na zanen da Mama ta fi ɗaurawa in za ta fita unguwa. Ya dube su su biyu, ya sulale ya fita daga ɗakin.

Yaya ta zauna a ƙasa daɓas, ita da ba ta zama ko a kujera sai ta kaɗe ta.

“Auta, da kike ce min ba ki taɓa ba, da gaske kike?”

“Da gaske nake, Yaya. Na rantse miki. Ko sau ɗaya ban buɗe ba.”

“Shekara biyu?”

“Na so ki dawo ki ga na iya riƙon amana.” Kuka ya ƙwace mata. “Kullum ni ce mai ɓarna, kullum ni ake ba da labari. Na ce wannan karon ba wanda zai ce na taɓa miki ko zare.”

Yaya ta daɗe tana kallonta, mamaki ya cika mata fuska, kamar yau ta fara ganin ƙanwar tata.

“Ni fa dariya nake yi duk lokacin da kika faɗa. Na ɗauka irin rantsuwarki ce ta da. In kulle kaya nake so, ina da akwatunan ƙarfe, da na kai su gidan Kawu an ɗora a kan durowa. Na kawo miki ne don na san halinki. Na san ba za ki yi sati ba ki shiga cikinsu ba. Ki sa, ki wanke, ki shanya, ki ƙona ɗaya ko biyu, sauran su rayu. Har na faɗa wa abokan karatuna, na ce kayana suna can suna yawo a jikin ƙanwata.”

Auta ta ɗago, hawaye ya tsaya mata cak.

“Na Mama kuwa,” in ji Yaya, muryarta ta fara karyewa, “da gangan na sa su a saman jaka, don su ne za ki fara gani. Na kasa zama in raba su, Auta. Na gwada, hannuna ya ƙi. Na ce ke ba ki da wannan nauyin, za ki ɗauki wanda ranki ke so ki ɗaura, in na dawo na gan shi a jikinki shi ke nan an raba. Duk tsawon hanyar nan abin da nake ta tunani ke nan, wanne zan tarar kin ɗaura.”

Auta ta ja gwiwa ta matsa kusa da dunƙulen. Ta sa farce a hankali a gefen mai zanen ganyen, tana neman bakin ninkin, ko Allah zai sa tsakiyar ta tsira. Wani ɗan yanki kamar tafin hannu ya ɓalle ya manne mata a yatsu. Ta sake gwada wani gefen, shi ma ya ɓalle.

Yaya ta kama wuyan hannunta ta riƙe.

“Bari, Auta,” ta ce. “Lokacin taɓawa ya wuce.”